Yinin da Aka Raba Uku: Matan Gandu Daga Rumadan Kano Zuwa Gaɓar Tekun Lome



Duk wanda ya san birnin Kano ya san unguwar Gandun Albasa. Duk wanda ya san Lome kuma ya san Souza-Netime da Anthony-Netime. Yau dukkansu gidaje ne da shaguna da hayaniyar babura, amma sunayensu suna tona asalinsu. Ta Kano gonar sarauta ce a da, na Lome kuwa kalmar netime a harshen Ewe tana nufin cikin gonar kwakwa. Tarihi ya adana sunayen masu waɗannan gonaki, har unguwanni suka gaje su. Matan da suka sunkuya a cikinsu da goyo a baya kuwa, da wuya ka ji an ambaci ɗaya daga cikinsu.

Abin da nake son mu duba shi ne yadda yinin irin wannan mace yake kasuwa. A kowane zamani da kowace ƙasa da za mu ratsa, za mu tarar an raba shi uku. Kashi ɗaya na mai gona ne. Kashi na biyu na gida ne, wato ruwa da itace da daka da girki da reno. Na uku shi ne nata, wanda a cikinsa take neman abin da za ta ɗaure a bakin zane ta ce nata ne. Mai gona ba ya rage nasa, tukunya ba ta jira, saboda haka kullum na ukun ne ake gutsura. A kansa aka yi duk kokawar da za a ji a nan.

GANDU DA GAYAUNA

Kalmar gandu fuska biyu gare ta a Hausa. Akwai gandun gida, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke noma tare, a ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma a yanka masa ɗan fili na kansa, wanda ake kira gayauna, mutanen Maraɗi su ce gamana. Akwai kuma gandun sarauta da na attajirai, babbar gona wadda bayi suke nomawa. Ƙauyen da aka zaunar da bayin shi ne rinji, jam'insa rumada. A ƙasar Sakkwato sukan ce tunga, Fulanin Adamawa su ce rumde.

Rumada sun girmi jihadin 1804, amma a ƙarni na 19 suka yawaita, domin yaƙe-yaƙe da hare-hare sun yi ta kwararo da kamammu zuwa manyan masarautu. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Fanisau, arewa da birnin Kano, wadda ta zama ribaɗi a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), ta cika da gandaye na sarki da na fatake, kuma Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kanta a 2011. Manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ne suke kula da gandayen sarauta. Ana noma gero da dawa don ciyar da fada da mayaƙa, ana noma auduga da baba don masaƙa da marina, ga taba da albasa da gyaɗa don kasuwa.

Ya kamata mai ilimin addini ya faɗi gaskiya a nan: da yawa daga cikin waɗannan mutane an bautar da su ba bisa shari'a ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa cewa mutanen ƙasashen da suka musulunta tun da daɗewa, irin Kano da Katsina, bai halatta a mallake su ba. Amma mahari ba ya tsayawa tambayar wanda ya kama ko ya iya Fatiha.

YININ BAIWA A RINJI

Muna da shaidu biyu a kan yadda ake raba yini. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa bayin ƙauyukan gona suna yi wa ubangijinsu aiki daga safiya zuwa tsakar rana, sauran yinin kuma nasu ne. Shaida ta biyu Bahaushiya ce, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 kusa da Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau. Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Gidansu Baba suna da rinji. Ta ce bayi sukan fara da gonakinsu da sassafe, da hantsi su fito gandu, da rana a kai musu abinci, da azahar a tashi, kowa ya koma nasa filin. Ta kuma nuna cewa filin na namiji ne, idan yana da mata ta taya shi.

Sai mu tuna cewa Baba 'yar masu rinji ce, ta ga abin ne daga ƙofar gidan ubangiji, kuma tsarin ya bambanta daga gari zuwa gari. Duk da haka, ko a kan lissafinta mai sauƙi, a auna yinin mace. Ta yi shuka da noma tare da maza. Da kaka ta yi roron wake da gyaɗa, ta tsinci auduga, ta yi dakon dami, ta yi sussuka da shiƙa. Da aka tashi azahar, namiji ya saɓa fartanya ya nufi gayauna. Ita kuwa rijiya tana jiranta, itace yana jiranta, ga surfe ga niƙa ga tuwon dare, ga jariri yana neman nono. Abin da ya rage mata bayan isha shi ne mazari. A hasken fitilar aci-bal-bal take gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare, ta sayar ranar kasuwa a kan 'yan kuɗin wuri.

Waɗannan 'yan kuɗi ba abin rainawa ba ne, domin su ne hanyar fita. Akwai murgu, inda bawa yake neman na kansa yana biyan ubangijinsa wani adadi sananne. Akwai fansa, inda yake tara kuɗi ya sayi kansa. Dukkansu suna bukatar lokaci, kuma lokaci shi ne abin da mace ta fi rasawa. Ƙari a kan haka, a kasuwannin cikin ƙasa kuɗin baiwa matashiya ya fi na namiji, saboda haka fansarta ta fi tsada. Mai ƙarancin lokaci ita aka ɗora wa babban bashi.

Reno ma da nasa ɗacin. Ɗan baiwa yana bin matsayin uwarsa, ya tashi bacucane ko dimajo, dukiyar ubangiji. Fiƙihun Malikiyya ya hana a raba uwa da ɗanta wajen sayarwa har sai yaro ya yi famfara, kuma wannan kariya ce ta gaske, amma famfara ba ta wuce shekara bakwai ko takwas. Wadda ubangiji ya mayar sa-ɗaka ta haifa masa, ɗanta ɗa ne, ita ma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa da mutuwarsa. Wannan ƙofa ta fitar da wasu daga rana, sai dai ba su suke zaɓen shigarta ba.

DA AKA KWANCE IGIYA

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Dokar Lugard ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. A ɓangaren Faransa dokar 1905 ce ta haramta ta. Tsakanin waɗannan shekaru wasu sun gudu, wasu sun fanshi kansu a gaban alƙali, mata da yawa kuma sun fita ta hanyar aure, wani ya biya fansarsu ya aure su.

Me mata suka fara yi da 'yancin? Ajiye fartanya. Masanin zamantakewa M. G. Smith, mijin Mary Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya lura cewa kulle ya bazu a karkara bayan mutuwar bauta, domin a idon mutane noma da saran itace aikin kuyangi ne, zaman tsakar gida kuwa alamar ɗiya ce. Wadda uwarta ta ƙone a rana ta ga ba abin da zai shaida 'yancinta kamar inuwa. Irin wannan ya faru a nesa da mu. A tsibirin Jamaika, inda mata suka yi yawa a ayarin masu aikin rake, da aka kammala 'yanta bayi a 1838 da yawansu sun janye daga gonakin Turawa, suka koma ga 'ya'yansu da ƙananan filayensu da kasuwa. Haka aka gani a kudancin Amurka bayan 1865. Masu gonaki a can suka yi ta kukan cewa matan sun zama malalata. Gaskiyar magana, matan sun karɓe kashin mai gona ne suka zuba shi cikin nasu.

A ƙasar Hausa ma ba zaman banza aka shiga yi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, tsakar gida ta zama masana'anta: ɓarar gyaɗa, matsar mai, ƙuli-ƙuli, fura, ƙosai, daddawa, kaɗi da saƙa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, domin hatsi da abinci masu yawa suna sauya hannu daga gida zuwa gida ba tare da sun ga kasuwa ba. Da ribarsa mace take zubin adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta rufa wa gida asiri ranar da rumbu ya yi ƙasa.

Sai dai kowane gyara da ɓarnarsa. Matar da ba ta fita tana bukatar ƙafa, ƙafar kuwa ita ce 'yarta mai talla. Binciken Enid Schildkrout a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga yara, da yadda hakan ya yi karo da makarantar boko lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa a 1976. Nauyin da aka sauke daga kan uwa, wani sashinsa a kan 'ya ya sauka. Kuma ba ko'ina aka bar gona ba. A karkarar Maraɗi mata da yawa sun ci gaba da noma gamanarsu, Maguzawa ma haka, matalauta kuwa ko a ina suke kulle bai taɓa samunsu cikakke ba.

YAJIN AIKIN KADAWA

Babbar gona ta dawo wa matan Kano da sabuwar riga. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka shimfiɗa noman rani a yankin Kadawa. Wani kamfanin Turawa mai suna BUD ya karɓi fili yana noma kayan lambu, musamman ɗanyen wake, ana ɗaukarsa a jirgin sama zuwa kasuwannin Turai. Matan ƙauyukan kewaye aka ɗauka tsinka. A 1977 suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada, kuma wata mai bincike, Sam Jackson, ta buga labarin a 1978.

Abin ya ba masana mamaki, domin sun ɗauka Bahaushiyar karkara ba ta iya ɗaga murya. Wanda ya biyo mu daga rinji ba zai yi mamaki ba. A fahimtata, abu biyu ne suka ba su ƙarfi. Na farko, ɗanyen wake ba ya jira, idan ya kwana biyu a jikin itacensa ya tsufa, jirgi kuma yana da ranar tashi. Na biyu, matar da ta saba da sana'ar tsakar gida ta san farashin yininta. Ta san abin da kwanon gyaɗa yake bari idan ta matse shi, saboda haka tana iya auna ladan kamfani ta ga ko ya biya ruwan da ba ta ɗebo ba da yaron da ta bar wa maƙwabciya. Wadda take da wata ƙofa ita ke iya cewa a'a.

MU DAWO GIDA TOGO

Mai karatu zai ce, ina ruwan mazaunin zangon Lome da rumadan Kano? Ruwa da tsaki. Kakanninmu fataken goro ne. Ayarinsu yakan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ratsa ta Sansanin Mango a arewacin Togo ta yau, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Cikin manyan kayan da suke kaiwa akwai tufafi da baƙin rini, waɗanda audugarsu da babansu da zarensu suka ratsa hannun matan da muka ambata. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Karachi da wasu garuruwa, wasu suka gangaro har bakin teku. Jarin da aka kafa zangonni da shi, akwai zufan matan rinji a cikinsa. Kuma ayarin bai zo da 'ya'yan attajirai kaɗai ba, ya zo da 'yan dako da masu girki, waɗanda su ma kakanninmu ne, ko da an daina faɗa.

A nan suka tarar da wani irin gandu. Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar Togo a Yulin 1884, ta mayar da Lome hedikwata a 1897. Layukan dogo uku da ta shimfiɗa, da sunan amfanin gona aka san su: na Aneho a 1905 layin kwakwa, na Kpalime a 1907 layin koko, na Atakpame da ya biyo baya layin auduga. Kamfanonin Jamusawa sun buɗe manyan gonaki a Kpeme da gindin dutsen Agu. Attajiran gari irin su Octaviano Olympio da Augustino de Souza sun dasa dubban itatuwan kwakwa a kewayen Lome. A sana'ar kwakwa namiji yakan hau ya sauko da ita, amma tarawa da dako da shanya da dafa mai, akasari aikin mata ne, haka ma fasa ƙwarar kwakwar manja. Da gwamnati ta ɗora wa maza aikin haraji na kwana 12 a shekara, gonar abinci a kan wa za ta faɗa in ba matar gida ba?

Labarin auduga ya fi kowanne fito da maganarmu fili. A farkon 1901 wasu baƙaƙen fata huɗu daga makarantar Tuskegee ta Amurka, waɗanda Booker T. Washington ya turo bisa roƙon Jamusawa, suka fara gonar gwaji a Tove kusa da Kpalime, daga baya aka buɗe makarantar auduga a Notse a 1904. Masanin tarihi Andrew Zimmerman ya nuna cewa kafin zuwansu matan Ewe suna shuka auduga a tsakanin kayan abinci, su kaɗa ta, su sayar, kuɗin nasu. Tsarin da Jamusawa suka so shi ne gonar auduga zalla a hannun maigida, mata da yara su yi aiki a ƙarƙashinsa, a sayar wa Bature ɗanya. Wato a ɗauke gayaunar mace a mayar da ita gandu, a sa mijinta ya zama sarkin gandun. A gonakin koko na Litime da Kloto kuma, inda baƙi daga arewa, musamman Kabiye, suka yi noman raba-daidai da ake kira dibi-ma-dibi, yarjejeniya tsakanin maza biyu ake ƙulla ta, alhali shema da fasa koko da shanya ba sa yiwuwa sai da hannun mace.

Matan Lome sun nuna iyakar haƙurinsu a 1933. Karyewar tattalin arzikin duniya ta zubar da farashin busasshiyar kwakwa da manja da koko, wata cuta kuma ta fara kashe itatuwan kwakwa a Kanyikope, nan gabas da mu, har aka sa mata sunan garin. Ana cikin haka gwamnatin Faransa ta ƙara haraji, har da na masu ciniki a kasuwa, ta kuma kama shugabanni biyu na ƙungiyar Duawo. Ranakun 24 da 25 ga Janairu matan kasuwa suka cika titunan Lome har aka saki mutanen. Daga baya aka kawo sojoji daga Kodebuwa, aka yi danniya mai tsanani. Abin da ya fito da su shi ne an kai hannu ga ɗan abin da suke ciyar da 'ya'yansu da shi, a shekarar da na mazajensu ya ƙare.

Matan zango ba su yi yawa a gonakin kwakwa ba. Sun riƙe irin sana'ar da iyayensu suka zo da ita: waina, tuwo, fura, koko da ƙosai, suna ciyar da baƙi da fatake da 'yan dako. Wannan sana'a da wuri take rayuwa, domin mai saye maƙwabci ne ko baƙon maigida. Shi ya sa rushe tsohon zangon tsakiyar Lome a 1977, da mayar da mutanensa can arewacin gari, bai tsaya ga rushe ɗakuna ba, ya raba mata da masu sayen da suka tara shekara da shekaru.

ABIN DA YA SHAFE MU YAU

Gonakin kwakwa sun zama unguwanni, amma yinin da aka raba uku yana nan. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, dokar yankin masana'antu marar haraji ta fito a 1989, kuma mu a Akodesewa a bakinsu muke. Da asuba ana ganin mata suna fita zuwa masana'antun gashin kanti, da rumbunan da ake tsintar kashu da waken suya, da bakin teku wajen kifi. Cikinsu akwai 'ya'yan zango, domin kuɗin haya da na makaranta da na asibiti sun fi ƙarfin aljihu ɗaya. Ƙararrawar masana'anta ba ta san azahar ba, balle ta sallami mutum ya koma gayauna.

A zauren mai unguwa, inda nake riƙe da alƙalami, rigimar aure da yawa a kan wannan take zuwa. Miji ya ce tunda tana samu, shi ya sauke cefane. Ko ya ce albashinta nasa ne tunda shi ya ba ta izinin fita. Ko mace ta dawo da magariba a gajiye ta tarar ko ruwa ba a ɗebo ba, a kuma kira ta marar kula da gida. Fiƙihun da muka karanta a zaure bai bar wannan a duhu ba. Ci da sha da tufafi da wurin kwana nauyin miji ne, ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da ta samu da hannunta mallakarta ne, idan ta sa a tukunya kyauta ce da ta cancanci godiya. Wanda ya karɓe shi da ƙarfi ya san sunan aikin da yake yi, mun ji shi a Fanisau, mun ji shi a Notse.

Masu ɗaukar aiki ma akwai abin da duniya ta riga ta ɗora musu. Dokar ma'aikatan manyan gonaki ta Indiya ta 1951 ta wajabta ɗakin reno a duk gonar da mata ma'aikata suka kai 50. Yarjejeniya mai lamba 110 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ta tanadar wa matan manyan gonaki hutun haihuwa na aƙalla mako 12. Dokar ƙwadago ta Togo ta ba da mako 14. Matsalar ita ce mai aikin yini, wadda ake biya a kan buhu ko kwano ba tare da takarda ba, ba ta cin moriyar ko ɗaya. Wajibi ne shugabannin zango su san waɗannan dokoki, su riƙa tambayar 'ya'yanmu ko an rubuta sunansu a wurin aiki.

Tarihin nan ya nuna abu uku da suke sa mace ta iya ɗaukar aiki da gida tare ba ta karye ba: aiki ya kasance da lokacin tashi sananne, abin da ta samu ya zauna a hannunta, reno da aikin gida kuma a sami masu kama mata. Biyun farko sai an nema daga mai aiki da miji. Na ukun yana hannunmu. Muna da makarantun allo da na Islamiyya, muna da dattijai mata da suke zaune, muna da ƙungiyoyin adashi. Ba abin da zai hana unguwa ta ware ɗaki ɗaya na reno, a riƙa biyan masu kula da shi, don kada a cire yarinya daga aji a ɗaura mata goyon ƙaninta. Samari kuma su koyi cewa ɗaukar jarka zuwa famfo ba ya rage wa namiji komai.

Sai kuma mu gyara harshe. Har yanzu akwai gidajen da ake yi wa mai fita aiki kallon ƙasƙanci, ana kuma binciken asalin yarinya idan an zo neman aure, a ji ko kakarta baiwa ce. Wanda ya san tarihi ya san cewa ƙyamar aikin rana tabon bauta ne, kuma laifin bauta yana kan wanda ya kama da wanda ya sayar. Matar da ta yi noma da goyo, ta yi daka da yamma, ta yi kaɗi da dare har ta fanshi kanta ko ta yaye 'ya'yanta a raye, jikokinta ba su da abin ɓoyewa.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Ya sanya albarka a neman masu nema, ya ba mazaje ikon sauke nauyin da ke kansu. Wanda yake da labarin wata kaka tasa da ta yi irin wannan rayuwa, ya tambayi tsofaffin gidansu tun suna raye, ya rubuta ya ajiye.

Wassalamu alaikum.